Dashen Fiya A Lambun Gida A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe

Fiya ba 'yar ƙasar Sakkwato ba ce, kakanni ma ba su san ta ba. Amma yanzu duk wanda ya bi ta wajen masu sayar da kayan marmari a lokacinta, ya kan gan ta jere tare da ayaba da abarba, an ɗauko ta daga kudu ko daga wajen Jos. Waɗansu na ce mata piya, 'yan makaranta kuwa afokado. Kada a haɗa ta da atili, wanda shi ma daga wajen Jos a ke kawo shi, don itatuwansu dabam dabam ne.

To, ga abin da ya kan faru. Mutum ya sayi fiya ya sha, ya ga ƙwallonta ƙato, sai ya ji tausayin jefar da shi. Ya samo gwangwani ya binne, bayan wata guda ko fiye sai ga tsiro ya fito jawur, kyakkyawa. Ya dasa a bayan ɗaki, damina ta rene shi, kowa ya zo a nuna masa. Hunturu na sauka sai bakin ganye ya soma ƙonewa. Kafin bazara ta raba tsakiya ya zama tsinke. Daga nan sai a yanke hukunci, a ce fiya ba ta yi a ƙasar nan.

Maganar ba ta rasa gaskiya ba, amma ba ta cika ba. Wanda ya ke nufin ya buɗe gona guda ta fiya a Tambuwal ko Kebbe don ciniki, gara ya sa kuɗinsa a mangwaro ɗan aure, ko gwaiba, ko yazawa, waɗanda su ka saba da zafin wurin. Amma itace ɗaya ko biyu a cikin gida, inda akwai katanga da rijiya da mai lura kullum, wannan abu ne da ya cancanci gwaji, muddin mai gida ya san tun farko nauyin da ya ɗauka.

Asalinta Da Kashe-kashenta

Asalin fiya ƙasar Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, inda mutane su ka yi dubban shekaru suna shanta kafin Turawa su je. Har yau Meziko ce ta fi kowace ƙasa nomanta, a Afirka kuwa Kenya ta yi suna wajen fitar da ita zuwa Turai. Masana sun kasa ta gida uku. Akwai ta tsaunukan Meziko, akwai ta tsaunukan Gwatamala, waɗannan biyu sanyin tudu su ke so. Ta uku ita ce ta ƙasashen kwari masu zafi da laima, wadda a ke jingina wa tsibiran Indiya ta Yamma. 'Ya'yanta manya ne, fatarsu kore ce mai santsi, mansu bai kai na sauran ba. Ita ce ta fi daurewa da zafi, ta kuma fi daurewa da gishirin ruwa, saboda haka ita ce kaɗai mutumin Tambuwal zai waiwaya. Daga cikin danginta akwai waɗanda a ke kira Pollock da Waldin da Simmonds.

Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin sunan da ya cika kunnen mutane yanzu shi ne Hass. Wani ma'aikacin gidan waya ne, Rudolph Hass, ya shuka uwar wannan iri a Kalifoniya cikin 1926, ya yi mata rajista cikin 1935, ita uwar ba ta mutu ba sai cikin 2002. Ita ce ta mamaye kasuwar duniya, kuma ta cancanta. Amma jininta na tsauni ne. Tana iya jin daɗin Jos ko Mambila, inda tudu ya sassauta zafi. Wanda ya sayo dashenta da tsada ya kawo Kebbe don ya ji ana yabonta a rediyo, ya sayo wa kansa ɓacin rai.

Abin Da Ƙasar Ta Ke Da Shi

Fiya na son ruwan sama kamar milimita 1,000 zuwa 1,500 a shekara, a warwatse cikin watanni masu yawa. Kudancin Jihar Sakkwato ya ɗara birnin samun ruwa, amma ba ya cika kai 1,000 ɗin ba, kuma kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba ya ke zuba. Watau wata bakwai ko takwas sai abin da hannu ya ba ta.

Rashin ruwan sama shi kaɗai ba ya hana fiya. A gaɓar tekun ƙasar Peru hamada ce sosai, ga shi kuwa suna nomanta da ban ruwa har suna sayar wa duniya. Abin da su ke da shi wanda babu a Tambuwal shi ne iskar teku mai sanyi. Fiya ta fi sakewa tsakanin digiri 20 da 30 a ma'aunin zafi. A ƙasar Sakkwato kuwa cikin Afrilu ma'auni ya kan wuce 40, ga iska busasshiya. Wannan zafi, da iskar hunturu da ta riga shi, su ne manyan abokan gabanta. Duk dabarun da za a ambata nan gaba don kare ta daga waɗannan biyu ne.

Wurin Dashe

Galibi wanda ya ji an ce itace mai son ruwa ne, sai hankalinsa ya tafi fadama. Mutanen da ke da lambu a fadamun gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, su za su fi saurin yin wannan tunani. To, a yi hattara. Fiya na son ta sha ruwa, amma ba ta son ta tsaya a cikinsa. Saiwarta ba ta nitso, yawancinta a ƙafa biyu na sama ta ke, kuma tana bukatar iska kamar yadda ta ke bukatar laima. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu ko uku cikin marka, saiwar sai ta ruɓe. Akwai kuma wata cuta ta cikin ƙasa mai ruɓar da saiwa, wadda ita ce babbar mai kashe fiya a duniya duka, a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ke yaɗuwa. Abin ban haushi, itacen da saiwarsa ta ruɓe ya kan yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, sai mai shi ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi da hannunsa. Saboda haka laka mai tsagewa da rani, da duk inda ambaliya ke kaiwa, ba wurinta ba ne. Jigawa mai ɗan jan ƙasa, ko gefen fadama inda ya ɗaga, shi ne daidai.

Gwajin ba wuya. A haƙa rami ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi, a cika shi da ruwa da maraice. In gari ya waye ruwan ya tsotse, wurin ya yi. In an tarar da shi kwance, a nemi wani wuri.

A cikin gida kuwa, wurin da ya fi shi ne gabashin ɗaki ko gabashin wani babban itace, yadda za ta sami hantsi, amma inuwa ta rufe ta daga azahar zuwa la'asar, lokacin da rana ta fi ƙuna. Sai dai iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, watau wurin da ya tsere wa ranar yamma shi ne ya buɗe wa hunturu ƙirji. Don haka a nemi inda katangar gida ta tare wannan kusurwa, in babu a kafa zana. A bar kamar ƙafa 15 tsakaninta da gini. Dogon yaro na da kyau wajen tare iska, amma saiwarsa mai nisan kiwo ce, za ta zo ta shanye ruwan da a ke zuba wa fiya, sai a nisanta su ƙafa 30 ko fiye.

Wani abin kuma, mata su kan so a dasa itace a bakin rariyar wurin wanka, don ya sha a banza. Ayaba na iya ɗaukar wannan. Fiya ba ta iyawa, don sabulu da omo gishiri gare su, wurin kuma ba ya bushewa.

Ƙwallo Ko Ɗan Aure

Itacen da ya tashi daga ƙwallo ya kan yi shekara biyar zuwa goma, wani ma fiye, kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba lalle ya ɗauko uwarsa ba. Ɗan aure kuwa, watau wanda a ka ɗaura reshen itace mai kyau a kan tsiron ƙwallo, cikin shekara uku ko huɗu ya ke somawa, kuma abin da a ka ɗaura shi zai haifa. A wurin da kowane bokitin ruwa sai an ja shi da guga, bambancin shekara huɗu da shekara goma ba ƙarami ba ne. Wanda zai sayi dashe ya tambayi sunan irin, ya kuma duba tabon auren da idonsa, ɗan sama da bakin leda. Cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta ƙasa, wadda a ka kafa a Ibadan cikin 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, malaman gona na ƙaramar hukuma kuma sun san hanyar tambaya.

Amma kada a raina ƙwallo. Shi ne mai arha, kuma da shi a ke koyo. Wanda bai taɓa renon fiya ba, gara ya gwada hannunsa da ƙwallo huɗu ko biyar na manyan fiya masu santsin fata, irin waɗanda a ke kawowa daga kudu. Wanda ya tsallake bazara biyu a cikinsu ya nuna yana da jini, sai a nemo reshe mai kyau a aura masa. Ƙwallon fiya ba ya ajiyuwa kamar na dabino, in ya bushe ya mutu. A shuka shi cikin 'yan kwanaki da cirewa, a leda mai zurfi da a ka huda ƙasanta, faffaɗan gindin a ƙasa, tsinin a sama yana ɗan leƙowa. A ajiye a inuwa. Mako huɗu zuwa shida ya kan tsiro.

Ranar Dashe

Sai damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don itacen ya sami wata uku na laima da lumshi kafin kaka. A gauraya ƙasar saman ramin da taki wanda ya ruɓe sarai, kashi uku ƙasa, kashi ɗaya taki. Ɗanyen kashin kaji ko takin zamani ba sa shiga ramin, suna ƙona saiwa. A cika ramin har ya yi tudu kamar ƙafa guda bisa ƙasa, a kan tudun nan za a dasa. Wannan ya saɓa da yadda a ka saba yi wa mangwaro, inda a ke barin kwari a gindi, amma dalilinsa shi ne ruwan marka. A yanke ledar da reza a hankali, kada ƙasar ta warwatse, don saiwar fiya gautsi gare ta. Kada a binne wuyan itacen fiye da yadda ya ke a leda. A yi aikin da maraice, a shayar nan take.

Ban Ruwa

A nan ne aikin ya ke, a nan ne kuma ya kamata mai gida ya zauna ya yi lissafi tun bai dasa ba. Ƙaramin dashe a jigawa na bukatar kamar bokiti guda bayan kwana biyu cikin hunturu, kullum kuwa cikin bazara. Wannan ba ya gagarar kowa. Amma itace girma ya ke yi. In ya kai munzalin haihuwa, a ranar zafi zai sha jarka huɗu mai lita 25, ko fiye. In an ƙaddara jarka huɗu kullum har wata bakwai, an haura jarka 800 ke nan a shekara, a kan itace guda. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya auna wannan da kuɗin fiya a kasuwa. Gidan da rijiyarsa ke ƙafewa cikin Afrilu kuwa, kada ma ya soma, don daidai lokacin da rijiyar ta ja baya ne itacen ya fi bukata.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Fiya na cikin itatuwan da su ka fi ƙin gishiri. Rijiya ko burtsatsen da ruwansa ke da ɗanɗanon kanwa, ko ya ke barin fari-fari a jikin tulu, zai riƙa ƙona bakin ganye, daga tsini ƙunar ta biyo gefe. In abin kaɗan ne, maganinsa a riƙa yi mata sha mai yawa sau ɗaya a wata, don ruwa ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi. In ya yi yawa, ba dabara.

Akwai hanyoyi biyu na rage wahala. Ta farko ita ce shimfiɗa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ganyen da itacen ya zubar, kaurin kamu guda, faɗin ya kai iyakar inuwarsa. Da ya ke saiwar a sama ta ke, ƙasa tsirara cikin bazara gasa ta ta ke yi. Wannan ya sa sharar gindin fiya ƙal-ƙal, yadda matan gida ke son ganin tsakar gida, cutarwa ce gare ta, haka kuma noma gindinta da fartanya. A bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin itacen, saboda gara da ruɓa. Ta biyu ita ce tulu. A binne tulun ƙasa ɗaya ko biyu kusa da dashen, bakinsu a waje, a cika su da ruwa a rufe da murfi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa ta ke, ba abin da rana za ta sha. Yadda itacen ke girma haka za a riƙa matsar da tulunan waje.

Mai shayarwa ya riƙa tura yatsa cikin ƙasa kafin ya zuba. In da danshi, ya bari sai gobe.

Rumfa Da Farar Ƙasa

Shekara biyu na farko, ko uku, dashen fiya ba ya rabuwa da rumfa daga Nuwamba har ruwa ya sauka. A kafa sanduna huɗu, a ɗora karan dawa sama-sama yadda haske zai riƙa ratsawa, a kewaye gefen yamma da gefen arewa maso gabas da zana. Fatar ƙaramin itacen kore ce, sirirya, rana na ƙona ta har ta tsage, inda ya tsage kuwa nan gara da cuta ke shiga. A dama farar ƙasa da ruwa-ruwa a shafe gangar jikin da manyan rassa. Kada a sassabe rassan ƙasa don a ga itace ya miƙe, su ne zanen da ya ke rufe jikinsa da shi. Abin da a ke so ma shi ne a tsinke kan tohon sama in ya kai ƙirjin mutum, don ya yi rassa ya baje. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gajeren itace mai duhu kuwa ya fi dogo jure wa iskar wurin.

Taki kaɗan kaɗan ta ke so. Kwandon ruɓaɓɓen taki a farkon damina, a ƙarƙashin shimfiɗa, ya isa ƙaramin itace. Mai son ƙarawa da na zamani ya barbaɗa cikin ƙaramin gwangwanin tumatir guda, nesa da jikin itacen, sau biyu ko uku a damina. Toka kuwa a rage ta, don tana ƙara wa ƙasa kanwa, ganye ya koma rawaya.

Awaki

Ko wane mai dashe ya san ɓarnar akuya, amma a nan ɓarnar ta bi ta gefe biyu. Ganyen fiya da ɓawon jikinta da ƙwallonta suna da wani dafi wanda ba ya damun mutum a naman 'ya'yan, amma yana cutar da awaki da tumaki da shanu da dawaki da zomaye da tsuntsaye. Akuya mai shayarwa in ta ci ganyen, hantsarta ta kan kumbura nono ya ɗauke, in ta ci da yawa ya taɓa zuciya, har ta mutu. A gidajen da dabbobi ke kwana tsakar gida, darni mai ƙarfi wajibi ne, kuma kada yara su ɗebi ganyen da a ka yanke su kai turke.

Fure Da 'Ya'ya

Furen fiya na da wata al'ada ta ban mamaki. Ko wane fure sau biyu ya ke buɗewa. A wani iri, ya buɗe da safe yana mace, ya rufe, sa'an nan gobe da yamma ya sake buɗewa yana namiji. A wani irin kuwa da yamma ya ke macen, washegari da safe namijin. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Itace guda na iya haihuwa shi kaɗai, amma biyu masu saɓanin lokaci sun fi, shi ya sa mai wuri da ruwa ya dasa biyu. Kada a yi feshin maganin ƙwari lokacin fure.

Ko a ƙasarta, fiya ta kan yi dubban furanni, kaɗan ƙwarai ne ke zama 'ya'ya. A nan kuwa ga ƙarin wahala: cikin rani ta ke fure, ƙananan 'ya'yan kuma su tarar da zafin Maris da Afrilu. In ƙasa ta bushe ko kwana biyu ne a wannan lokaci, sai a wayi gari a tarar da su zube a gindi. Wata shekara ko an yi kome daidai zafin zai zubar da mafi yawansu. Mai gida ya san da haka tun yau, kada ya sa ran cika buhu. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya tsallake ban ruwa ko sau ɗaya daga fitowar fure har saukar ruwan sama, ya kuma ƙara kaurin shimfiɗa.

Waɗanda su ka tsira, sai a san yadda za a tsinke su. Fiya ba ta nuna a bisa itace, ko ta ƙosa tauri za ta ci gaba da yi. In ta daina girma, ƙyallin fatarta ya ragu, a yanko guda biyu da ɗan guntun marikinsu, a ajiye a ɗaki cikin inuwa. In sun yi laushi cikin mako guda ko kwana goma ba tare da sun yanƙwane ba, sauran ma sun isa. In sun yanƙwane sun yi kamar roba, a ƙara wa na bisa mako biyu ko uku a sake gwadawa. Ba lalle a sauke su rana ɗaya ba, a riƙa ɗiban na bukata. Mai gaggawa ya sa su a kwali tare da nunanniyar ayaba, za su yi saurin laushi.